Leica M: Kyamarar da kuɗinta zai sayi mota amma ba ta taya mai ita aiki

A watan Janairun 2022 kamfanin Leica na ƙasar Jamus ya fito da wata kyamara mai suna M11, ya yanka mata farashin dala 8,995. Wannan kuɗin gangar jikinta ne kawai. Gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wanda in babu shi ko inuwa ba za ta ɗauka ba, daban ake sayensa, kuma na kamfanin yakan ci wasu dubban dalolin. A canjin da naira ta koma tun 2024, sai mutum ya ajiye sama da miliyan 10 kafin ya ɗauki hotonsa na farko.

To me waɗannan maƙudan kuɗi ke saya? Kyamarar ba ta ɗaukar bidiyo. Ba ta saita kanta a kan fuskar mutum. Ba ta zuƙo abin da ke nesa, kuma idan hannu ya yi rawa ba ta da abin da zai tare rawar. Yawancin waɗannan ayyuka wayar da ke aljihun ɗan sakandare tana yin su ba tare da an roƙe ta ba. Duk wanda ya ji haka ya ce ai wannan ɓarnar dukiya ce, ba za a ga laifinsa ba.

Sai dai da yawa daga masu irin wannan kyamara, 'yan jarida da masu ɗaukar hoto don nishaɗi, sukan ce ba su taɓa jin daɗin ɗaukar hoto kamar da ita ba. Abu ne mai sauƙi a ce kuɗin da suka kashe suke karewa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Amma daɗin da suke faɗa na gaske ne, yana da tushe a yadda aka ƙera na'urar. Ya kuma shafi duk mai riƙe da waya, domin yana tayar da wata tambaya da ba a cika yi ba: idan aka danna maɓalli hoto ya fito, wa ya ɗauke shi?

Tagogi biyu, hoto biyu

Irin wannan kyamara ita ce mai awon nisa, wadda masu sana'ar ke kira renjifainda. Harafin M da ke sunanta daga wata kalmar Jamusanci ya fito, Messsucher, wato tagar leƙe mai auna nisa.

Dabarar irin ta idanun ɗan Adam ce. Idan mutum ya miƙa yatsa a gabansa ya rufe ido ɗaya, sannan ya buɗe shi ya rufe ɗayan, zai ga yatsan ya yi tsalle gefe. Iya kusancin yatsan, iya girman tsallen. Kyamarar tana da tagogi biyu a goshinta, da 'yar tazara a tsakaninsu. Mai ɗauka yana leƙawa ta babbar, ita kuma ƙaramar ta turo nata hoton ya sauka a wani ɗan fili mai haske a tsakiyar abin da yake gani. A cikin wannan fili komai biyu-biyu yake fitowa, hancin mutum biyu, sandar fitila biyu. Sai ya riƙa murza zoben gilashin da yatsa, hotunan suna matsowa kusa da juna, har ɗaya ya hau kan ɗaya. Da zarar sun haɗe, saiti ya yi.

Babu lantarki a cikin wannan aiki. Bayan gilashin yana da wani gefe da aka gurza da awo, shi ke tura wata 'yar taya a cikin kyamarar, tayar ta motsa hannun ƙarfe, hannun ya gusar da hoton ƙaramar tagar. Ko batir ya mutu ana iya leƙawa a saita. A asali tsarin da aka sa wa M3 ta shekarar 1954 shi ne ke cikin M11, shi ya sa yawancin gilasan da aka ƙera shekara 70 da suka wuce suke hawa kyamarar yau su yi aiki lafiya lau.

Daɗin farko a yatsa yake. Da yawa daga gilasan suna da wani ɗan marikin da ke ƙasan zoben, kuma bayan wasu watanni yatsan mutum yakan haddace inda mita biyu take da inda mita biyar take. Kafin kyamarar ta iso ido, an riga an murza ta kusa da daidai. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Waɗanda suka goge ma sukan tsuke ƙofar hasken zuwa lamba 8, su ajiye gilashi mai milimita 35 a kan mita uku, sun san cewa duk abin da ke tsakanin kusan mita biyu zuwa bakwai zai fito garau. Daga nan babu sauran saiti, sai kallo da dannawa. A wannan yanayi babu kyamarar da ta fi ta sauri, domin babu abin da take jira.

Abin da ke wajen layi

Babban sirrin yana cikin tagar leƙen kanta. A sauran kyamarori, da waya, abin da gilashi ya gani shi ake nuna wa mutum, ko ta madubi ko ta sikirin. Iyakar hoto ita ce iyakar duniya. Duk abin da ke wajen hoton babu shi har sai ya faɗo ciki kwatsam.

Tagar mai awon nisa kuwa taga ce kawai, kamar ta ɗaki. Mutum yana ganin titi yadda yake, sai wasu fararen layuka da aka zana a cikin iska suna nuna masa iyakar abin da zai shiga hoto. Idan gilashi mai milimita 50 aka ɗaura, akwai fili mai yawa a kewayen layukan. Saboda haka yana ganin yaron da ya taho a guje tun bai shigo ba. Yana ganin mai keke yana tahowa daga dama, mai talla daga hagu, ya san cewa nan da daƙiƙa biyu za su gitta juna a gaban wata ƙofa. Aikinsa ya koma jira da lissafi. Kuma a daidai lokacin da ya danna, tagar ba ta yin duhu kamar ta kyamarori masu madubi, don haka ya ga abin da ya kama da idonsa, ya san ko mutumin ya ƙifta ido ko bai ƙifta ba.

Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda ya kama Leica tun farkon shekarun 1930 kuma ya yi mafi yawan aikinsa da gilashi mai milimita 50, a kan wannan jira ya gina sunansa. Hotonsa da ya fi shahara, na 1932 a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, wani mutum ne ya daka tsalle zai ƙetare ruwan da ya kwanta, diddigensa saura ƙiris ya taɓa inuwarsa a cikin ruwan. Ƙiftawa ɗaya kafin nan babu hoto. Ƙiftawa ɗaya bayan nan ruwa ya fantsama, an tashi a tutar babu.

Akwai kuma wani abu da sabon shiga ke ɗauka aibu ne. Tagar ba ta nuna yadda hoton zai fito. Komai a cikinta garau yake, na kusa da na nesa, ko da kuwa a hoton bayan mutumin zai narke ya zama hazo. Ba ta nuna ko haske ya yi yawa. Dole mai ɗauka ya zana hoton a zuciyarsa kafin ya danna. Har akwai wani abin dariya da kusan kowane mai irin wannan kyamara ya taɓa faɗawa ciki: tunda ba ta gilashin ake leƙawa ba, mutum na iya dannawa alhali bai cire murfin gaba ba. A zamanin fim sai bayan an wanke ake ganin baƙin takarda.

Wannan nauyi da aka ɗora wa mutum shi ne daɗin. Idan hoto ya lalace, babu na'urar da za a zarga. Idan ya yi kyau, babu wadda za a raba lada da ita. Kamfanin ya gane haka sarai, shi ya sa yake ta rage wa kyamarar kaya maimakon ƙara mata. Ya sa bidiyo a samfurin da ya sanar a 2012, ya cire shi a M10 ta 2017. A 2012 ɗin ya fitar da M Monochrom, wadda baƙi da fari kawai take ɗauka. A 2016 ya fitar da M-D wadda babu sikirin a bayanta sam, ya maimaita a 2018 da 2024. Mutane suka biya kuɗi don a hana su duba hoton da suka ɗauka. Abin kamar wauta, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin biki ya ga yadda mai hoto ke sunkuyar da kai kan sikirin daidai lokacin da uwar amarya ta fashe da kuka, ya san abin da suke gudu.

Wa ya ɗauki hoton?

A 2010 kamfanonin kyamara na Japan sun fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120 a shekara ɗaya. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ce ta cinye kasuwar, kuma da gaskiyarta, domin kullum tana aljihu kuma ba ta cika kunyata mai ita ba.

Amma yadda take kauce wa kunyar shi ne abin dubawa. Wayar zamani ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan an danna. Takan ɗauki da yawa a jere, wasu tun yatsa bai sauka ba, ta haɗa su, ta haskaka inuwa, ta gyara launi, wani lokaci ta sumulce fata. A 2023 Google ya sa wa wayarsa Pixel 8 wata dabara da ke ba mutum damar ɗauko fuskar da ta yi murmushi daga wani hoto ya dasa ta a wani, a samu hoton wani lokaci da bai taɓa faruwa ba. A shekarar ce kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce kan hotunan wata na wayoyin Samsung, bayan wani ya nuna wa wayar dusasshen hoton wata a fuskar kwamfuta, ita kuma ta fito da shi da ramuka da tabbai da babu su a abin da aka nuna mata. Kamfanin ya yi bayanin cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke ƙara wa hoton armashi.

Wannan taimako ba duka ne abin ƙi ba. Shekaru da dama an daidaita launin fim ne a kan farar fata, baƙin mutum ya riƙa fitowa kamar inuwa mai haƙora. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka ne da dalilai da suka haɗa da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata, kuma ya kyauta. Abin da labarin ke nunawa dai shi ne, duk hukuncin da na'ura ta yanke a kan hoto, hukuncin wasu injiniyoyi ne da suka zauna a wani ofis suka tsayar da yadda ya kamata fuska ta kasance da yadda ya kamata sama ta kasance. Shi ya sa hotunan mutane miliyoyi suka zama kamar uwa ɗaya ta haife su.

Kyamara mai awon nisa ma ba tsarkakakkiya ba ce. Tana da kwamfuta a ciki, tana iya zaɓar saurin ɗauka da kanta idan an bar ta, kuma launin da take bayarwa wasu ne suka tsara shi. Amma manyan hukunce-hukunce uku, ina za a saita, me zai shiga hoto, yaushe za a danna, ta bar su a hannun mutum, kuma biyu daga ciki ba ta ma da hanyar karɓe su.

Yadda ta kusa mutuwa

Asalin abin daga wani ma'aikaci ne mai suna Oskar Barnack, a kamfanin Ernst Leitz mai ƙera madubin ganin ƙwayoyin cuta a garin Wetzlar. Yana fama da asma, manyan kyamarorin zamaninsa suna masa nauyi, sai ya ƙera 'yar ƙarama da ke amfani da fim ɗin silima, gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. An fara sayar da ita a 1925. Girman hoton da ya zaɓa, milimita 24 da 36, shi ne har yau ma'aunin manyan kyamarori. An haɗa mata ma'aunin nisa a 1932, M3 ta zo a 1954, an ƙera sama da 220,000 nata. Hoton Che Guevara da ke jikin riguna a duk duniya, Alberto Korda ya ɗauke shi a Habana a 1960 da Leica M2.

Daga nan Japanawa suka zo. Nikon F ta 1959 ta bar mutum ya leƙa ta cikin gilashin kansa, tana karɓar dogayen gilasai, 'yan jarida suka yi ta komawa can. A shekarun 1970 saura kaɗan a daina ƙera M baki ɗaya, reshen kamfanin da ke Kanada ne ya riƙe ta. Da dijital ta zo sai wata matsalar ta taso. Gilashin wannan kyamara yana zama kusa ƙwarai da inda hoto ke sauka, ƙasa da milimita 28, don haka haske yana isa gefuna a karkace. Fim bai damu da wannan ba. Sensa kuwa, wato farantin lantarkin da ya maye gurbin fim, ta fi son haske ya zo mata kai tsaye.

Abin mamaki, ba Leica ce ta fara ƙetare wannan shinge ba. Kamfanin Epson, wanda aka fi sani da injin buga takardu, shi ya fitar da R-D1 a 2004, mai megafiksel 6, har da hannun da ake ja da babban yatsa kafin kowace ɗauka kamar ta fim. Leica, wadda a lokacin take gab da durƙushewa kafin attajiri Andreas Kaufmann ya saye mafi yawan hannun jarinta, sai a 2006 ta fito da M8. Ta zo da nata abin kunyar: tana ganin wani haske da idon mutum ba ya gani, sai baƙin yadi mai roba ya riƙa fitowa ruwan shunayya. Dole kamfanin ya raba wa masu saye wasu gilasan tacewa kyauta. M9 da aka ƙaddamar ranar 9 ga watan 9 na 2009 ita ce ta fara cika girman hoton Barnack, kuma ita ta dawo da martabar gidan.

Daɗin riƙewa da daɗin nunawa

A nan ne ya kamata a raba zare da abawa. Daɗin ɗauka daban, daɗin mallaka daban, kuma na biyun ya fi rauni a gaban hujja.

Babu musu, abin yana da daɗin riƙewa. M11 mai ruwan azurfa, wadda samanta na tagulla ne, nauyinta giram 640, mai baƙin launi 530. Tana cika hannu kamar dutsen guga, zobbanta suna juyawa da santsi, ƙarar ɗaukarta ba ta wuce ɗan tari ba. Tsofaffin da aka yi wa baƙin fenti, idan hannu ya daɗe yana gogarsu, tagullar takan leƙo a gefuna, masu su suna alfahari da wannan kamar yadda makaranci ke alfahari da allonsa da ya sha wanki.

Amma a 2015 kamfanin ya haɗa kai da mawaƙin Amurka Lenny Kravitz ya fitar da guda 125 waɗanda aka goge musu fenti tun a masana'anta, don su yi kama da waɗanda suka sha yawon duniya. Wato ana sayar wa mutum da tsufan da bai yi wahalarsa ba. A 2022 kuma aka yi gwanjon wata Leica ta gwaji, wadda Barnack da kansa ya yi amfani da ita, a kan yuro miliyan 14.4. Idan aka kai nan an bar maganar hoto, an shiga maganar agogon zinare da doki na ado. Akwai Leica da yawa da ke kwance a akwatunan ƙarfe ba su taɓa ganin rana ba, akwai kuma waɗanda ake ratayawa a wuya don a ga jan ɗigon da ke goshinsu.

Masu kare farashin sukan ce ai kayan gado ne, ana saye sau ɗaya a bar wa jikoki. Wannan gaskiya ne a kan M3, wadda ba ta san batir ba, kuma duk makanikin da ya iya zai iya kwance ta ya mayar. Gaskiya ne a kan gilasan. A kan ta dijital kuwa maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Bayan 'yan shekaru aka gano cewa rufin sensar M9 yana lalacewa, tabbai suna fitowa a hotuna. Kamfanin ya amsa laifi ya riƙa canzawa kyauta na wani lokaci, amma a 2020 ya sanar cewa an daina ƙera sensar, babu sauran canji. Jikin tagulla na iya kai shekara ɗari, lantarkin da ke cikinsa ba zai kai ba. Wanda ya sayi ta dijital kwamfuta ya saya a cikin rigar gado.

Ma'aunin nisan kansa yana da laulayi. Faɗuwa ɗaya ko karo mai ƙarfi na iya gusar da shi, mutum ya ga hotuna sun haɗe a taga amma abin da ya ɗauka ya fito dishi-dishi. Masu iya gyaran 'yan ƙalilan ne, sau da yawa sai an aika da ita Jamus an zauna jiran makonni ko watanni. Ga mai zaune a Kano ko Maraɗi, inda ƙurar hunturu ke neman kowace kafa ta shiga duk lokacin da aka cire gilashi, wannan kaɗai ya isa a yi dogon tunani.

Sannan akwai ayyukan da ba nata ba ne. Ma'auninta ba ya aiki a ƙasa da santimita 70, kuma layukan tagarta sun tsaya a milimita 135. Mai son ya kama dawaki suna sukuwa a hawan sallah daga can cikin 'yan kallo, ko ɗan wasa yana zura ƙwallo, wahala kawai zai sha. Mai sa tabarau da ƙyar yake ganin layukan gefe. Mai hoton biki da aka biya ya kawo hoto da bidiyo gobe da safe, idan ya ɗauki Canon ko Sony ya yi daidai, kuma babu wani mai Leica da ke da bakin yi masa kallon raini.

Kusanci da sallama

Ana yawan yabon wannan kyamara da cewa ƙarama ce, ba ta da ƙara, ba a lura da ita. Cartier-Bresson har baƙin tef yake liƙa wa tasa don kada ƙyallinta ya tona shi. A al'adar ɗaukar hoton titi ta Turai da Amurka wannan gwaninta ce. Ba ko'ina ake kallonsa haka ba. A kasuwannin ƙasar Hausa, wanda ya ɗauki matar aure hoto ba tare da izini ba ya san bai yi gwaninta ba, kuma idan aka kama shi sunan Bafaranshe ba zai cece shi ba. Afirka ta Yamma tana da nata manyan, irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, waɗanda mutane ke cin ado su je gabansu da ƙafarsu, kuma hotunansu yau suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya.

Sai dai kyamarar tana da wani hali da ke gyara wannan, in mai ita na da kunya. Tagarta a kusurwa take, don haka wanda ya leƙa da idon dama rabin fuskarsa a buɗe take, ana ganin idonsa na hagu, ana ganin ko murmushi yake. Kuma tunda ba ta zuƙowa, ba ya iya laɓewa a bayan mota ya harbo daga nesa. Dole ya matso mita biyu ko uku, inda za a gan shi, a tambaye shi daga ina, ya yi sallama a amsa ko a ƙi. Hotunan da ake samu bayan an gaisa sun bambanta da waɗanda ake sata, kuma ana ganin bambancin a idon wanda aka ɗauka.

Kwaɗayin wannan salon ya wuce masu kuɗi. A ƙarshen 2022 matasa a TikTok suka yi wa Fujifilm X100V rubdugu har ta yi wuyar samu a shaguna, alhali kamannin kawai ta ara da tagar kusurwa, ba ta da ma'aunin nisa na gaske. Kamfanonin China irin su TTArtisan da 7Artisans suna ƙera gilasan da ke hawa M a kan 'yan ɗaruruwan daloli, Voigtländer na Japan yana tsakiya, wani ƙaramin kamfanin Faransa mai suna Pixii yana ƙera tasa mai awon nisan. Ita kanta Leica ta daɗe da gane inda jama'a suke, shi ya sa sunanta ya hau bayan wayoyin Huawei daga 2016, sannan na Xiaomi daga 2022. Sunan ake samu a can da ɗan launi. Tagar ba ta shiga waya.

A watan Oktoban 2023 kamfanin ya fitar da M11-P, kyamara ta farko da ke buga wa hoto hatimin lantarki tun lokacin ɗauka, mai nuna na'urar da ta ɗauke shi, ta yadda in an taɓa shi daga baya za a iya ganewa. Hatimin ba ya hana a shirya ƙarya a gaban kyamara, amma a zamanin da ake ƙirƙiro hoton gobara da na zanga-zanga a cikin daƙiƙu a watsa a WhatsApp, ba ƙaramin abu ba ne a ce na'urar da ta fi kowace tsufan tsari ita ta fara kawo shaidar cewa wani ya tsaya a wurin da ƙafarsa.

Shekara biyu bayan haka, a Oktoban 2025, sai ga M EV1. Jiki iri ɗaya, gilasai iri ɗaya, har yanzu da yatsa ake saitawa, amma an cire ma'aunin nisan an sa ɗan ƙaramin sikirin a cikin tagar. Waɗanda idonsu ya fara rauni sun yi maraba da ita, haka masu son dogayen gilasai, kuma suna da hujja. Abin da ta rasa shi ne filin nan na wajen layi, inda ake hango yaron tun bai shigo ba. Kamfanin ya bar mata harafin M a sunanta, ko da yake abin da harafin ke nufi babu shi a cikinta, kuma ya ci gaba da sayar da masu tagogi biyun a kusa da ita a kan kanta ɗaya.